Ranar Da Na Aika Gadon Saratu Wara

Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe tsaye a zauren surukina, cikin kwat da nektaye, ina zuba wa dattawa godiya a taron da ba don karrama ni aka yi shi ba. Har yau in na tuna sai in ji gumi ya tsattsafo mini a ƙeya, ko da fanka na juyawa a kaina.

Lokacin muna Jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba. Ina koyarwa a wata makaranta a Yelwan Yauri, muna zaune a gidajen malamai ni da matata Saratu, aurenmu bai daɗe ba. Sai Allah Ya sa sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Ingila ƙaro karatu, aka kuma ce ina iya tafiya da iyali. To, daga ranar kaina ya daina zama daidai a wuyana. Tafiyata ta canza. Shayi ma na daina kurɓarsa da ƙara. (Ban taɓa wuce Kaduna ba fa, amma in ka ji ina bayanin sanyin Ingila sai ka rantse can aka yanke mini cibiya.)

Wanda ya ƙara hure mini kunne shi ne abokin aikina Malam Garba, da ya taɓa zama can har muke ce masa Garba Landan. Na tambaye shi yadda ake yi da kayan gida, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Abokina, kada ka ɗauki ko ludayi. In ka ce sai ka aika kaya ta jirgin ruwa daga Legas, kuɗin dakon zai fi kuɗin kayan, kuma kafin su iso ka gama karatun kana shirin dawowa. Can akwai shagunan gwanjo kowane lungu. Gado, kujera, tebur, Bature ya yi amfani ya gaji ya bayar a banza a wofi. In za ka dawo ka sayar wa wani ɗalibi, ka kaɗe rigarka." Maganar nan ta shige ni ƙwarai. Na dinga maimaita ta a gida safe da yamma kamar karatun allo.

Matsalar ita ce kayan ɗakin Saratu. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, koren fenti, da ɗan madubi a wajen kai. Ga katifar rimi, ga kabad mai gilashi cike da tangaran, ga jeren kwanuka da fanteka har kusa da rufi. Saratu ita ce auta a gidansu a Wara, kuma innarta da bandar kifi ta haɗa kayan nan ɗaya bayan ɗaya, tun Saratu na ƙarama, tun kafin ruwan dam ya ci tsohon ƙauyensu. Idon tsohuwar har yau ja ne saboda hayaƙi. Ni kuwa a lokacin, in na dubi jeren nan, nauyi kawai nake gani.

Saratu ta ce ita da gadonta za ta tafi.

Na ce, "A jirgin sama? Ki ɗora shi a cinya?"

Ta ce, "A na ruwa. Ba kai ka ce akwai mai ɗaukar kaya ba? Ni dai, Malam, ba zan kwanta a gadon da ban san wanda ya mutu a kai ba."

Muka yi ta yi. Wata rana da yamma abin ya kai ni wuya, na ɗaga murya na ce, "Wallahi tarkacen nan ba za su bi ni ba! Na gaji, kowa ya kama gabansa!" (Da kwanuka nake, Allah Shi ne shaida.) Sai dai bangon gidajen malamai bai fi zana kauri ba, matar maƙwabcina kuwa, Maman Ladi, Allah Ya hore mata kunne.

Ana cikin haka yayar Saratu ta haihu a Shanga, ta tafi zaman suna ba mu gama shiryawa ba. Bayan tafiyarta sai ga hedimasta ya ce malamin da zai maye gurbina yana hanya da iyalinsa, in taimaka in ba da gida. Ni kuma ana nemana a Sakkwato in karɓi takardun tafiya. Babu waya a zamanin balle in tambaye ta. Na zauna a bakin gadon na yi tunani irin na masu ilimi. Gidanmu a Birnin Yauri, ɗakin da zan iya ajiye kaya yana yoyo, ga gara, ga shi damina ce. Gidan su Saratu a Wara kuwa akwai ɗaki mai kwano da daɓen siminti, ba kowa a ciki. Kayan nan daga can suka fito, innarta ta fi kowa sanin darajarsu. Wa zai kula da su kamarta? Har na yi wa kaina murmushi, na ce Saratu za ta yaba da wannan dabara.

Washegari, ranar kasuwar Wara, na kira masu amalanke. Na kwance gado, na naɗe katifa, na jera kwanuka cikin buhuna. Kuma da yake ni mutum ne mai tsari, ban bar komai ba. Turmi, taɓarya, maburgi, tsintsiya, har da ɗan kaskon turarenta, duk na haɗa. Muka ratsa tsakiyar gari da hantsi, amalanke a gaba, ni a baya ina ba da umarni, har bakin ruwa inda jirage ke lodi.

A hanya na ga mata suna leƙowa suna riƙe baki. Wani tsoho mai goro da muke gaisawa ya kama hannuna ya ce, "Malam, haƙuri aka yi. A dinga haƙuri." Na ce a raina, Allah sarki, mutanen garin nan ba sa son rabuwa da ni. Na ce masa, "Baba, ai an riga an gama magana, sai addu'a." Ya saki hannuna yana salati.

Mai jirgin ya loda kayan a tsakiyar 'yan kasuwa, kan gadon yana tsaye ana ganin madubinsa daga nesa. Ya ce, "Wane saƙo za a kai?" Na ce, "Ka kai gidan Alhaji, uban Saratu. Ka ce in ji ni ga kaya nan, a samu wuri a ajiye. Ni na wuce Sakkwato." Ya dube ni, ya dubi gadon, ya ce Allah Ya kyauta, ya tayar da inji. Na kulle gida, na miƙa wa hedimasta makulli, na hau mota.

Mai karatu, na san ka riga ka dafe kai. A ƙasarmu kayan ɗakin mace ba sa komawa gidan ubanta sai in aure ya mutu, ko ita ta mutu. Wannan ba sai an koya wa kowa a aji ba. Ni kaina ina yaro na sha bin amalanken kwashe kaya muna tsegumi. Amma Ingila ta cika mini kai har ba wurin da wannan zai zauna. Mutumin da aka ji yana rantsuwa ya gaji, ya bari matarsa ta yi tafiya, ya kwashe kayanta har tsintsiya, ya aika gidan ubanta ranar kasuwa, ya kulle gida ya bar gari. Ko alƙali ne ai ba ya neman wata shaida.

Ni kuwa ina Sakkwato hankali kwance. Na karɓi takarduna, na shiga kasuwa na sayi kwat ta gwanjo mai kauri, irin ta sanyi, da jan nektaye. Da na dawo Yelwa bayan 'yan kwanaki, na biya in tambayi Maman Ladi ko Saratu ta dawo. Ko juyowa ba ta yi ba, tana wanke-wanke ta ce, "Tana gidan ubanta mana. Da ina kake so ta tafi?" Na ce madalla, ashe ta riga ni. Na ji ta yi tsaki, na ɗauka da tukunya take.

Na ce bari in je Wara a yi sallama gaba ɗaya, surukai su ga irin shigar da za a yi a ƙasar Turawa. Na saka kwat, na shaƙe wuya da nektaye, na sayi goro da alewa na rabo, na shiga jirgi. Rana ta buɗe bayan ruwan safe, tafkin dam ɗin yana ta huci. Kafin mu isa na jiƙe sharkaf, amma ban cire ba. Da na sauka kowa ya zuba mini ido, masu ɗinkin komar kamun kifi suka tsaya da aiki. Na ce lallai kwat ta yi. Na tsaya na yi azahar a masallacin bakin ruwa, ashe kafin in sallame labari ya riga ni gida.

Na tarar da takalma jibge a ƙofar zaure. Ciki ga Alhaji surukina, ga limamin unguwa, ga dattawa, ga kuma Baffa Sani, ƙanin mahaifina wanda ya karɓa mini auren, ya taso tun daga Birnin Yauri. (Na ji daga baya a nan ya kwana yana ba da haƙuri a kan laifin da bai san kansa ba.) Ganin Baffa sai zuciyata ta yi fari. Na ce wato har haɗa kai suka yi don su yi mini addu'ar tafiya! Na durƙusa na gaida su, aka amsa a daƙile. Na tura goro da alewa tsakiyar tabarma. Ba wanda ya taɓa.

Shirun ya yi yawa, sai na ga ai ni ake jira. Na miƙe tsaye, na gyara nektaye, na yi gyaran murya irin ta gaban aji.

Na ce ina godiya da wannan karamci. Na ce ban zaci za a taru haka saboda ni ba. Na ce wannan mataki da na ɗauka ba ni kaɗai zai amfana ba, har da al'umma. Na ga Baffa ya runtse ido, na ɗauka daɗi ne ya kama shi, sai na ƙara wuta. Na ce game da kayan da na aiko kuwa, kada kowa ya damu, na yi nazari sosai kafin in yanke hukunci. Na kawo karatun Garba Landan kaf: tsadar dako, daɗewar jirgi, shagunan gwanjo. Har na ce, wallahi na faɗa da bakina, "Irin gadon nan, can ko a bakin titi aka ajiye shi ba mai ɗauka. Wanda Bature ya gaji da shi ya zubar ma ya fi shi."

Daga bayan ƙofar cikin gida na ji wata murya ta ce, "La'ilaha illallahu!" Muryar innar Saratu ce.

Liman ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, zamna." Na zauna. Ya ce, "Mu duk wanga bayani bai dame mu ba. Abu guda muka son ji. Nawa ka yi?"

Na ce, "Nawa me, Allah gafarta Malam?"

Ya ce, "Saki. Guda na, ko biyu, ko ka cike ukku? Don yarinya ta san matsayinta."

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kamar an ɗaga labule, na ga komai a lokaci guda: matan da ke riƙe baki, tsoho mai goro, mai jirgi, tsakin Maman Ladi, da tsintsiyar nan da na ɗaure da hannuna. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Gara... gara nake gudu."

Alhaji ya ce, "Mi?"

Na ce, "Gara, Alhaji. Da yoyo. Ɗakinmu na Birnin Yauri yana yoyo. Ajiya na kawo. Wallahi tallahi ban saki Saratu ba, ko a mafarki."

Sai wani dattijo a lungu ya fara tari, tarin ya rikiɗe ya koma dariya, ya toshe baki da hannun riga. Baffa Sani kuwa bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya maka mini a ka, a gaban surukai, da kwat ɗina da komai. Ya ce, "Kai wane irin wawa na? Wanga shi na bokon? Kwana na yi ban runtsa ba, tsohuwarka na can tana kuka, ashe kai gara kaka gudu!"

Innar Saratu, wadda tun da na auri ɗiyarta ba ta taɓa yarda mun haɗa ido ba don kunya, ranar ta ajiye kunya a gefe. Daga bayan ƙofa ta ce, "A tambaya mani shi, mi gadon yay yi mashi? Gadon da na sha hayaƙi kamin in saye, shi na bai kai wanda Nasara ya zubar ba?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige har da takalma. Sannan wani ya ƙara mini da cewa wani dillalin kifi da ya nemi Saratu kafin ni har ya aiko da kwandon kifi, wai yana jaje.

Aka ce in shiga in ga matata. Na same ta a ɗakin nan mai kwano da siminti da na yaba, zaune a kan naɗaɗɗiyar katifa, buhunan kwanuka kewaye da ita. Idonta ya kumbura. A wurin suna labarin ya same ta, cikin mata, tana riƙe da jaririn yayarta. Na fara rantse-rantse, ta ce ta ji komai, zaure ba nisa.

Ta ce, "Ka san abin da ya fi ƙona mini rai, Malam? Da aka faɗa mini, na so in ce ƙarya ne, mijina ba zai yi haka ba. Sai na kasa. Tun da maganar tafiyar nan ta zo, komai namu ya zama maka tarkace. Tuwo nauyi, turare ƙauyanci, gado kaya. Sai na ce to, ashe ni ma lissafin ya biyo ta kaina. Ya ga dakona ya yi tsada, can zai samu ta gwanjo."

Na so in yi dariya, na ga ba wasa a fuskarta. A nan tsoro na gaske ya kama ni, wanda ya fi kunyar zaure. Na ga saura kaɗan in rasa yarinyar nan, kuma ba ranar amalanke abin ya fara ba. Na cire nektayen na cusa a aljihu, na durƙusa a kan simintin, na ba ta haƙuri da Hausar da aka haife ni da ita. Can ta ce, "Ka fasa mini tangaran biyu." Na san an fara saukowa.

Hukuncin Alhaji gajere ne. Ya ce garin da ya ga fitar kaya shi zai ga komawarsu. Ranar kasuwa mai zuwa, da rana tsaka, a jirgin da ya kawo su. Kuma gidan mijinta za su, Birnin Yauri, in je in gyara rufin in kashe garar. Baffa ya ƙara nasa sharaɗin: ni zan ɗauki kan gadon daga bakin ruwa, kuma cikin kwat ɗin nan, tunda ita ce ta ci mini hankali.

Haka aka yi. Saratu ta ci ado ta zauna a kan katifarta a tsakiyar jirgi kamar sabuwar amarya. Muka sauka Yelwa, na ɗora kan gado a ka, madubi na walƙiya, gumi na zuba, ɗalibaina suna "Sannu Malam!" Tsoho mai goro ya taso ya ce, "Ka gani? Haƙurin dai." Maman Ladi har guɗa ta yi.

Ingila kuwa mun je, kuma gaskiyar Garba Landan ce, ba zan ci haƙƙinsa ba. A wani shagon gwanjo muka haɗa ɗaki cikin yini guda da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Gadon yana da rami a tsakiya, duk inda ka kwanta sai ka gangaro. Kujerar ƙafarta ɗaya gajera ce, da ƙamus na tokare ta har muka gama. Saratu ta tsare ni a shagon sai na tambayi mai kayan ko wani ya mutu a kan gadon. Na tambaya, da Turancina mai kyau. Baturen ya dube ni ya ce bai sani ba, amma ba ya jin an kawo ƙara. Da za mu dawo muka bar wa wani ɗalibi ɗan Gusau, ba wanda ya waiwaya.

Gadon ƙarfen yana nan a ɗakin Saratu, an sake masa fenti ban san sau nawa ba. Har gobe in na sauka a Wara sai na samu tsohuwar da za ta ce, "Malam, yau ba kaya?" Abin da na koya bai da yawa: kayan da za ka iya saya a ko'ina, bar su ka sayi na can. Wanda kuwa wani ya sha hayaƙi ya saya, ko matsar da shi za ka yi don shara, nemi izini tukuna.

Kwanan baya ɗiyarmu ta zo, mijinta ya samu aiki a ƙasar waje. Ta ce, "Baba, mu aika kayana ne ko mu sayi na hannu a can?" Na ce su sayi na can, ya fi sauƙi. Amma ta turo mini mijin nata in ba shi wani labari kafin ya kira mota.

Daga cikin ɗaki Saratu ta ɗaga murya ta ce, "In za ka ba shi, ka ba shi duka. Har da hular Baffa."